Mai Gyaran Agogo da Hasashen Fitsari

Mahaifina ya yi shekara arba'in da ɗaya yana gyaran agogo a wani ɗan shago da ke ƙarƙashin matakalar wani tsohon bene, tsakanin mai aski da mai sayar da katifa. Shagon bai fi shimfiɗar mutum biyu ba. Akwai tebur mai gilashi, da kujerarsa, da bencin masu jira, sai bango da ya cika da agogunan da masu su suka kawo gyara suka manta, ko suka mutu suka bari. Duk sanda wani mai ƙiba ya sauko daga benen, ɓurɓushin siminti yakan zubo a kan teburin, Baba ya ɗaga kai da madubinsa na ido ɗaya ya harari rufin har takun ya wuce.

A layin nan ba wanda ke kiran sunansa. Minti Biyar ake ce masa. Ko me ka kawo, ko batir ne kawai za a canza ko agogon da mota ta taka, amsarsa ɗaya ce: "Zauna, minti biyar." Akwai wanda ya zauna har ya gaji, ya shiga maƙwabta aka yi masa aski, ya dawo ya tarar ko bayan agogon ba a buɗe ba. Akwai wani direba da ya kawo agogo yana saurayi, ya zo karɓa da 'yarsa a kafaɗa. Amma in Baba ya ce ya gama, to ya gama. Ban taɓa ganin wanda ya dawo da aikinsa ba.

Abin da ya fi tsana a duniya shi ne mai faɗin abin da bai faru ba. Masu hasashen ruwan sama a rediyo, masu rantsuwa ƙungiya kaza za ta ci kofi, 'yan duba, masu cewa kaya za su yi sauƙi baɗi, duk a buhu ɗaya ya zuba su. Yakan ce, "Agogo yanzu yake faɗa, shi ya sa nake ganin girmansa. Kin taɓa jin agogo ya ce miki gobe kaza za a yi?" Na taɓa ce masa ai minti biyar ɗinsa ma hasashe ne. Ya ce wannan ba hasashe ba ne, gaisuwa ce.

Ni ce babbar 'yarsa. Lissafi nake koyarwa a sakandare, shi ya sa yake ce mini Malama, musamman in yana so ya nuna mini cewa karatu ba ya hana wauta. Ƙannena uku duk aiki da aure sun yi nisa da su, saboda haka in abu ya taso, ni da Mama ne.

Sunkuyon shekara arba'in ya bar masa ciwon wuya da na baya, shi kuma ya haɗa su da ƙwayoyi, maganin ciwon jiki irin wanda ake saya ba takardar likita. Biyu da safe, biyu da yamma. A cikin wani gwangwanin ƙananan sukurori yake ajiye su, kuma a lissafinsa ba magani ba ne, kayan aiki ne.

Yana da shekara sittin da uku ya fara haki. Tafiyar da yake yi daga gida zuwa shago a numfashi ɗaya ta koma zango uku. Ƙafafunsa suka kumbura, ya ce masu yin takalma ne suka lalace. Ranar da ya sunkuya ɗauko hantsakinsa da ya faɗi ƙasa ya kasa ɗagowa, mai aski da mai katifa suka sa shi a mota ba tare da neman izininsa ba.

A asibiti aka ce ɗaya daga cikin ƙofofin zuciyarsa ce ta ƙanƙance ta taurare, jini ba ya wucewa yadda ya kamata. Za a cire ta a sa ta ƙarfe. Na zaci zai tayar da gardama, sai na ga fuskarsa ta saki.

"Bawul ke nan," in ji shi. "Ashe abin na kanikanci ne. Da kun faɗa tun farko."

Ana gobe aikin, da hantsi, wani dogon mutum mai furfura a gefen kai ya shigo ɗakin da ayarin masu fararen riguna a bayansa, kowa da littafi a ƙirji. Nas ta raɗa mini cewa Farfesa ne, shugaban sashen. Ya gaishe mu da ladabi, ya ja kujera ya zauna dab da gado, abin da ya sa ayarin suka kalli juna.

Ya ce, "Baba, aikin da za a yi maka yakan taɓa ƙoda. Za a tsayar da zuciya na 'yan awoyi, inji ya riƙe mata aiki, ita kuwa ƙoda ba ta son baƙon hannu. A cikin mutum huɗu ko biyar, ɗaya ƙodarsa takan yi rauni. Matsalar ita ce gwajin jini ba ya nunawa sai bayan kwana biyu, lokacin ɓarna ta yi nisa. Mu kuma muna zaton ƙoda takan yi ƙorafi tun da wuri. Akwai wasu sinadarai da take zubarwa cikin fitsari in ta fara jin jiki, awa huɗu zuwa shida bayan aiki. Mun samo na'urar da ke auna su, muna neman izininka mu riƙa ɗibar fitsarinka."

Baba ya ce, "Wato fitsarina zai faɗi abin da zai faru jibi."

"Haka muke fata."

"In ya faɗa, sai ku yi me?"

"Sai mu rubuta."

"Ku rubuta."

"Mu rubuta, mu rufe a ambulan. Likitocin da ke kula da kai ba za su gani ba. Sai mun tara mutum ɗari biyu sannan mu buɗe, mu ga wa na'urar ta yi gaskiya a kansa, wa ta yi kuskure. In muka bari aka gani tun yanzu, za a fara canza magani, ba za mu taɓa sanin ko ta iya ba."

Baba ya juyo ya dube ni. "Malama, kin ji? Boka ma ya fi su tausayi. Shi in ya gani yakan gaya maka."

Ayarin suka sunkuyar da kai suna ɓoye dariya. Farfesa ma ya murmusa. Na tabbata Baba zai ce a'a, sai ya miƙa hannu.

"Ba ni biro. Ina so in ga ranar da za a kama inji da ƙarya."

Da haka ya zama mutum na arba'in da bakwai. Wadda aka ɗora wa ɗawainiyar kwalaben wata ƙaramar likita ce, siririya mai tabarau, wadda take can ƙarshen ayarin inda ake ajiye masu yin aikin. Ta kawo kwalba ta farko mai jan murfi, ta liƙa mata lamba. Baba ya tambaye ta shekara nawa ta yi tana karatu. Ta ce tara. Ya dubi kwalbar, ya dube ta, ya ce, "Allah ya ba da lada, 'yata."

Da sassafe aka shiga da shi. Kafin rana ta ɗaga, barandar asibiti ta cika da dangi, har da waɗanda rabona da su tun ina firamare. Shugaban zaman shi ne Kawu, ƙanin Mama, wanda ya yi ritaya daga wani ofis da har yau ba wanda ya san aikin da ya yi a ciki. Kawu ba a taɓa kawo maganar da ba shi da aboki a cikinta. Ranar nan yana da aboki da aka yi wa irin wannan aikin a ƙasar waje cikin minti arba'in, ya tuƙa mota da kansa ya koma gida.

Na Baba awa shida ya ci. Aka fito da shi zuwa ɗakin kulawa ta musamman, robobi ta ko'ina, da jakar fitsari rataye a gefen gado. Likitan da ya yi aikin ya ce komai ya tafi daidai. Mama ta zauna a ƙasa ta rufe fuska da mayafi, Kawu ya ce dama shi ya san haka za a yi.

Wajen ƙarfe biyar na yamma ƙaramar likita ta zo ta taɓa kafaɗata, ta ja ni can ƙarshen baranda wajen famfon wanke hannu. Ta cire tabarau ta goge, ta mayar.

"Yaya, akwai abin da bai kamata in sani ba, kuma na sani."

Ashe ma'aikacin ɗakin gwaji, wanda aikinsa ne ya sa fitsari a na'ura ya rufe sakamakon a ambulan, an tura shi taron bita na kwana biyu. Taken taron, kamar yadda na ji daga baya, shi ne yadda ake kiyaye sirri a aikin bincike. Na'urar kuwa tana son fitsarin da bai kwana ba. Sai ita ta sa da kanta, lambar ta fito a fuskar na'ura ƙuru-ƙuru, kuma mutum ba ya iya mayar da abin da ido ya gani.

"Littafin na'urar ya ce in ya haura biyu akwai haɗari. Na Baba huɗu ne da ɗoriya."

Na ce, "To yanzu me za a yi?"

"A ƙa'ida, ba komai. In rufe ambulan in tafi gida. Amma na riga na canza masa allura ɗaya da ke wahalar da ƙoda. Na ɗage hoton da za a yi masa gobe, wanda ake zuba ruwa mai launi a jijiya. Na gyara ƙarin ruwansa, na ce a riƙa auna fitsarinsa duk awa, kada kuma a bari bugun jininsa ya yi ƙasa. Duk abubuwa ne da zan iya kare kaina a kansu. Saura ɗaya da ba na iya yi sai ke. Yana shan maganin ciwon jiki a gida?"

Na je na buɗe jakar Mama. Gwangwanin sukurori yana ciki, a ƙarƙashin tawul, tare da umarnin da Baba ya bar mata cewa da ya farka ta lallaɓa ta ba shi biyu, don shi bai yarda da maganin da ba ya gani ba. Na ɗauke. Mama ta tambayi dalili, na sunkuya na faɗa mata a kunne. Na manta cewa Kawu ko a bayan bango ka yi raɗa sai ya tambaye ka ƙarin bayani.

Cikin rabin awa duk baranda ta san fitsari ya yi magana. Kafin labarin ya kai bakin matakala ya zama ƙoda ɗaya ta mutu. Da ya isa wurin ajiye motoci, duka biyun ne, kuma saura kwana biyu.

Washegari Kawu ya zo da takarda da biro, ya ce a matsayinsa na wanda ya san harkar, dole a fara rubuta sunayen masu ba da ƙoda. Shi da kansa, in ji shi, da shi ne na farko, sai dai likitansa ya hana shi duk abin da ya shafi tashin hankali. A ranar na gane yawan marasa lafiyar da ke danginmu. Ɗan wan Baba, wanda jiya ya ba mu labarin yadda yake ɗaga buhun siminti biyu, ya tuna cewa tun yana yaro aka ce masa ƙodarsa ɗaya da rabi ce. Wata gwaggo ta ce tata ƙodar a shirye take, amma tana tsoron kada ta shafa wa Baba ciwon gwiwarta. Mijin ƙanwata ya samu kiran gaggawa daga wurin aiki, ranar da ba a aiki. Zuwa tsakar rana barandar da jiya ba wurin zama ta koma mutum na iya miƙe ƙafa.

Mama ce kawai ta tare ƙaramar likita a ƙofa, ta dafa saman cikinta, can wajen da ba ƙoda ko kusa, ta ce, "'Yata, in ana bukata a cire tawa. Duka biyun ma, ni ba wani aiki nake yi da su ba."

Likitar ta riƙe hannunta ta ce ba a kai nan ba, kuma da yardar Allah ba za a kai ba.

A safiyar nan Baba ya farka sosai, aka cire masa robar numfashi. Abin da ya fara faɗa, da murya kamar an goga ƙarfe da ƙarfe, shi ne, "Wa ya bar agogo a nan?"

Muka duba ko'ina. Sai nas ta yi dariya ta nuna ƙirjinsa. Ƙofar ƙarfen ce, duk bugun zuciya sai ta yi ƙas, ƙas, kuma haka za ta yi ta yi har ƙarshen ransa. Ya rufe ido ya saurara, ya buɗe ya kafa wa agogon bango ido yana motsa leɓe. Bayan minti guda ya ce, "Yana gudu. A gaya wa wanda ya sa."

Sannan ya miƙa wa Mama tafin hannu a ɓoye, yana neman ƙwayoyinsa. Mama ba ta iya ƙarya ba, shekara talatin da takwas tana gwadawa ba ta iya ba. Ta gaya masa komai: gwangwanin, na'urar, huɗu da ɗoriya, har da takardar Kawu.

Na jira tsaki da dogon wa'azi a kan 'yan duba. Sai ya juya kai a hankali ya dubi jakar da ke rataye a gefen gadonsa. Kwana biyu ya yi yana kallonta. In nas ta zo aunawa, yakan bi hannunta da ido, ya tambaye ta nawa, ya tambayi na awar da ta wuce, ya haɗa a ransa. Da yammacin rana ta biyu, Mama ta fita sayo ruwa, ya kira ni da ido.

"Malama, agogunan nan na bango. Na sama a hannun dama, mai farar fuska, na matar mai katifa ne, ta ce kada mijin ya san ta fasa. Mai sarƙar azurfa na wani malamin makaranta ne, ya rasu, amma yana da ɗa a wani gari, lambarsa tana bayan kalanda." Ya yi ta lissafo su har goma sha tara. Da ya gama ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Ita yarinyar, me ta ce zuwa gobe?"

Ban tuna masa da ra'ayinsa a kan masu hasashe ba. Na ce ta ce a jira gwajin jini.

Gwajin jinin rana ta biyu ya ɗan hau, kaɗan, bai kai layin da likitoci ke kira rauni ba. Na rana ta uku ya tsaya. Na ta huɗu ya sauko. Jakar ta riƙa cika kamar ba ta san ana maganarta ba. Aka mayar da Baba babban ɗaki, dangi suka fara dawowa ɗaya bayan ɗaya da lemo a leda, kowa ya warke. Kawu ya ce dama ya rubuta sunayen ne don ya gwada zuciyar mutane.

A rana ta biyar Farfesa ya zo zagaye da ayarinsa. Ya ɗauki fayil ɗin Baba yana murmushi, ya buɗe shafi na farko, na biyu. A na uku murmushin ya tafi.

"Wa ya canza allurar nan? Wa ya ɗage hoton?"

Daga can ƙarshen ayari ƙaramar likita ta ce, "Ni ce, ranka ya daɗe."

"Da wane dalili?"

Tana iya cewa zato ne ta yi, ba wanda zai kama ta. Sai ta ce, "Na ga lambar."

"Nawa?"

Ta faɗa. Farfesa ya zauna a bakin gadon maƙwabcin Baba ba tare da ya lura akwai ƙafar mutum a wurin ba. Bai ɗaga murya ba. Ya yi magana kamar wanda aka gaya wa gonarsa ta ƙone.

"Huɗu da ɗoriya. Kin san abin da kika yi? Lamba irin wannan, da an bar ta, ita ce za ta tsayar da takardar bincikenmu da ƙafafunta. Yanzu ga mutum da lamba har sama, ga ƙoda lafiya lau. A jadawali, wannan sunansa na'ura ta yi ƙarya. Kin ɓata mana mutum."

Baba, wanda kwana huɗu bai yi gardama da kowa ba, ya gyara zama a kan matashi.

"Ranka ya daɗe, me ka ce sunansa?"

"Baba, ba haka nake nufi ba. Na'urar ba ta yi ƙarya ba."

"Ta ce ƙodata za ta lalace?"

"Ta nuna haɗari."

"Ta lalace?"

"A'a, amma saboda an..."

"To ni a sana'ata, abin da ya ce ƙarfe uku alhali ƙarfe biyu ne, ba ma neman masa uzuri."

Ƙaramar likita ta ce, "Baba, da wani zai kawo maka agogo, ka ga alamar zai tsaya jibi, ka sa masa mai, bai tsaya ba, ƙarya ka yi?"

"'Yata, da na yi haka da tuni an kore ni daga layin. Mutum ba ya gode maka a kan abin da bai lalace ba. Bari ake yi ya tsaya, ya kawo da kansa."

Farfesa ya dube shi na ɗan lokaci, ya ce, "Abin da nake ta faɗa ke nan." Su biyun suka gyaɗa wa juna kai kamar tsofaffin abokan sana'a, ita kuma ta tsaya a tsakiya da fayil a hannu.

A matsayina na mai koyar da lissafi, na san Farfesa yana da gaskiya. In ba a bar lambobi sun faɗi abin da za su faɗa ba, ba za a san ko gwajin na da amfani ba, kuma mutane dubu da za su zo bayan Baba su ne za su ɗanɗana. Na yi wa ɗalibaina irin wannan bayanin a allo ba sau ɗaya ba. Sai dai a allo ba na sa mahaifina cikin misali. Har yau ban daidaita abubuwan nan biyu ba, kuma na daina ƙoƙari.

Kwamiti ya zauna sau uku a kan maganar, kowane zama da shayi. Aka ba ƙaramar likita takardar gargaɗi, aka cire hannunta daga binciken. Ma'aikacin ɗakin gwaji ya dawo daga bita da takardar shaida, aka rataye a bango saman na'urar. Baba kuwa aka yanke shawarar a cire shi daga lissafi gaba ɗaya.

Wannan ne ya ƙona masa rai fiye da tsagar ƙirjinsa. Da muka koma ganin likita bayan mako shida, ya sa na kai shi ofishin Farfesa. Ya zauna, ƙirjinsa na ƙas-ƙas a cikin shirun ofishin har sakatariya ta leƙo ta duba fanka.

"Ranka ya daɗe, kwalba shida na bayar. An ce an cire ni."

"Ƙa'ida ce, Baba. Ba laifinka ba ne."

"To a ba ni kayana."

"Wane kaya?"

"Kwalba shida."

Farfesa ya yi masa bayani cewa ragowar tana cikin firiza mai tsananin sanyi, kuma bisa takardar da ya sa wa hannu ta zama mallakar jami'a har shekara goma sha biyar. Baba ya ce bai taɓa jin inda aka kori mutum aka riƙe fitsarinsa ba. A hanyar gida ya ce mini in rubuta wasiƙa. Na ce to. Ban rubuta ba, shi ma bai sake tambaya ba.

Bayan shekara biyu takardar ta fito a wata mujallar likitoci, da sunaye goma sha ɗaya a samanta. Na samo na karanta masa. Gwajin ya yi gaskiya a kan mafi yawan mutane, ya yi kuskure a kan wasu. A shafi na uku akwai layi ɗaya da ke cewa an cire mutum ɗaya saboda saɓa ƙa'ida. Baba ya sa na yanke layin, ya liƙa a gilashin teburinsa, duk wanda ya zauna jiran minti biyar sai ya ji labarin mutumin da ya kayar da inji har aka rasa yadda za a yi da shi sai kora.

Farfesa ya fara bincike na biyu. A wannan karon, in lambar ta hau, za a canza allura, a ɗage hoto, a gyara ƙarin ruwa, a riƙa auna fitsari duk awa, a hana maganin ciwon jiki. Aka sa wa tsarin suna mai tsawo, aka gayyace shi ƙasashe ya yi bayani. Ƙaramar likita a lokacin ta koma wani asibiti a wani gari. Mukan gaisa a waya. Ta ce ta karanta tsarin, ya yi kyau, har akwai abubuwan da ta gane a ciki.

Baba ya koma shago bayan wata uku. Aiki ya ragu, don yanzu kowa a waya yake duba lokaci, amma yana buɗewa kullum. Maganin hana jini daskarewa yake sha a kan lokaci ba fashi, ciwon wuya kuwa ya koma gasa shi da tawul mai zafi yana mita. A bainar jama'a bai taɓa sauka daga matsayinsa ba: na'ura ta yi ƙarya.

Bara aka ce za a cire wa Mama yanar ido. Aikin minti ashirin ne, ko barci ba a sa mutum. Kwana biyu kafin ranar Baba ya daina cin abinci sosai. Da muka isa asibitin ido, ya zaro wata kwalba daga aljihun rigarsa, wadda ya wanke ya dafa da kansa, ya miƙa wa nas ya ce a auna na Mama awa huɗu bayan aiki.

Nas ta ce, "Baba, ido ne fa. Ba ruwansa da ƙoda."

"Haka ni ma aka ce zuciya ce."

Likitan ido ya fito ya yi masa bayani, ya sake yi. Baba ya ce ya ji, amma ba inda za shi. A ƙarshe nas ɗin, wata dattijuwa da ta ga irinsa da yawa, ta karɓi kwalbar. Da lokaci ya yi ta raka Mama banɗaki, ta ɓace na minti goma, ta dawo tana goge hannu. Asibitin ido ba su da na'urar, wannan na sani, ita ma ta san na sani.

Baba ya ce, "Nawa?"

"Ɗaya, Baba. Ko cika ɗayan bai yi ba."

Ya ce duk ƙarya suke yi, su da injinansu. Sannan ya ce in je in sayo masa burodi da shayi, da ƙwai biyu in akwai.

Washegari aka cire wa Mama bandeji a gida. Ta ƙifta ido, ta dubi ɗakin da ta yi shekara uku tana gani cikin hazo, ta dubi labule, ta dubi silin, ta dubi Baba da ke tsaye a gabanta yana jira. Ta daɗe tana kallonsa. Sai ta ce, "Malam, da wannan rigar kake zuwa shago, ba wanda ya gaya mini?"